Duro Yana Cika, Tari Bai Tafi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne. Wata huɗu ke nan da na saka mazurarin raba ƙura tsakanin injinan shagona da injin zuƙe ƙura. Duron da ke ƙarƙashin mazurarin yana cika da garin katako, ƙasa fes, har na ajiye takunkumi kamar yadda wanda ya haɗa mini ya ce. Amma tari ya ƙi bari na, hancina kullum a toshe, musamman ranar da na yi aikin samfefa. Ko na'urar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya. Da alama na'urarka tana aikinta. Wanda ya ce ka ajiye takunkumi shi ne ya cuce ka, kuma wannan magana na gaji da jin ta a bakin masu haɗa wa mutane kaya.

Mazurarin nan juya iska yake yi kamar guguwa, abu mai nauyi ya bugi bango ya zube cikin duro. Ɓarɓashin fere, garin zarto, guntun katako, ƙusar da ta kuɓuce, duk a nan suke tsayawa, ba su kai ga fankar inji, kuma matata ba ta saurin toshewa. Inji da matata yake karewa. Ƙurar da ke sa ka tari kuwa ba ta da nauyin da za ta faɗi gaba ɗaya. Kaurin gashin kan mutum kusan maikiron 70 ne (maikiron dubu ke yin milimita ɗaya), ƙurar da ke shiga can cikin ƙirji kuwa ba ta kai maikiron 10 ba. Wani kaso nata yana bin iska ya wuce mazurarin, idan kuma bayansa jakar yadi ce irin mai maikiron 30, to kai da kanka kake feso ta cikin shago, ta daɗe tana yawo a iska bayan ka kashe inji. Wani kason ma tun a bakin samfefa ya kuɓuce, bai taɓa shiga tiyo ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake auna tsabtar iska da cikar duro. Mutum ya buɗe murfi ya nuna maka tulin gari, ya ce ga shaida. Shaidar me? Wannan garin ko da tsintsiya ka kwashe shi. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji, musamman na cikin hanci. Tana kuma kawo asma. A Birtaniya doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace mita kubik ta iska ba. Amma wani da bai taɓa auna iska ba ya ce ka cire takunkumi!

Gwada da kanka. Bayan aikin samfefa, rufe ƙofa, kashe fitila, haska tocila mai ƙarfi. Abin da za ka ga yana ƙyalli shi kake shaƙa.

Mayar da takunkumi yau, irin mai tace ƙananan ƙura da aka rubuta wa N95 ko FFP2 aƙalla, wanda ya kama fuska sosai. Cire jakar yadin ka sa matata mai kama maikiron 1 zuwa ƙasa, ko HEPA, wato matata mai kama ƙura mafi ƙanƙanta. Duba murfin duro: ɗan ramin da iska ke shiga ya isa ya tayar da garin da ya kwanta. Kada ka bar duron ya cika taf, kuma ka rage tsawon tiyo, domin mazurarin kansa yana cin wani abu daga ƙarfin zuƙa. Ka daina hure benci da iskar kwamfiresa.

Tarin kuma, wata huɗu ya yi yawa. Je asibiti a auna numfashinka, ka faɗa wa likita sana'arka, ka kuma lura ko yana sauƙi a ranakun da ba ka shiga shago ba, domin zai tambaye ka.