Wai Ina Iyakar Daular Imperium Take?

Tambaya: Malam, ni da abokina muna ta musu kan gem ɗin Warhammer 40,000. Shi ya ce daular Imperium, wato daular 'yan Adam a gem ɗin, ta mamaye Milky Way, tarin taurarin da duniyarmu ke ciki, gaba ɗaya, ni na ce ƙarya ne. Don Allah a raba mana gardama. Mai karatu daga Kano.

Amsa: To ɗan'uwa, kai ka fi kusa da gaskiya, amma abokin naka ma ba shirme ya yi ba. Littattafan Games Workshop, kamfanin da ya yi gem ɗin, suna cewa duniyoyi miliyan 1 ne a hannun Imperium, kuma an kasa ta yanki 5, Solar da Obscurus da Ultima da Tempestus da Pacificus, in ka kalli taswira sai ka rantse sun cinye ko'ina. Amma yi lissafi mana, taurarin Milky Way aƙalla biliyan 100 ne, kenan cikin taurari 100,000 da kyar ka samu ɗaya tasu, sauran duk daji ne, ga baƙin halittu irin su Orks da Tyranids ga wuraren da ba wanda ya taɓa leƙawa. Kamar rugage ne a warwatse cikin dokar daji.

Abin da ke yanke iyakar shi ne Astronomican, fitilar da ke Terra, wato duniyarmu, wadda matuƙan jirgi ke bi a cikin Warp, wani sarari na daban da jiragen ke ratsawa don yanke nisa. Inda haskenta ya dusashe tafiya ta zama kasada, kuma tunda Terra ba a tsakiya take ba, can ƙarshen gabas duhu ne. Sannan a 2017 marubutan suka kawo Great Rift, wata babbar ɓarakar Warp da ta tsaga daular biyu, kusan rabi ba ya ganin fitilar ma.

Miliyan 1 ɗin nan kuwa ni dai ina ganin cika baki ne na marubuta, ko ma'aikatan Administratum, ofishin gudanar da mulkin daular, takardu sun sha musu kai.