Abin da ya sa muke wahala da disfurosiyom

Ka tambaye ni dalilin da ya sa, wajen ƙera maganaɗisu mai molekul guda, muke shan wahalar disfurosiyom, wani nau'in ƙarfe mai nauyin zarra, cikin akwatin safar hannu da ke hana iska shiga, alhali ga baƙin ƙarfe da manganis nan da araha. To, ɗana, rufe kwalbar nan tukuna ka saurara.

Ai da manganis ɗin aka fara. A 1993 Roberta Sessoli da Dante Gatteschi na Fulorens a Italiya, tare da abokan aikinsu, suka nuna cewa molekul guda mai zarrar manganis 12 yana riƙe maganaɗisunsa shi kaɗai, amma sai an sanyaya shi zuwa kusan kelbin 4 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi). Aka yi shekaru ana ta cusa ƙarin zarra masu maganaɗisu cikin molekul, ana zaton yawa ne magani. Bai kai ko'ina ba.

Taurin kai muke nema, wato allurar maganaɗisun ta fuskanci gefe guda ta ƙi juyawa. A zarra mai nauyi, juyin da ilektoron ke yi a kansa da kewayen da yake yi wa cibiya a ɗaure suke tamau, kuma ilektoron da ke ba disfurosiyom maganaɗisu, waɗanda ake kira na 4f, a binne suke can ciki, maƙwabta ba sa iya kwance ɗaurin. Na baƙin ƙarfe a waje suke, nan da nan ake lalata musu shi. Naoto Ishikawa a Japan ya buɗe wannan ƙofa da tarbiyom, ɗan'uwan disfurosiyom, a 2003.

Nan aikin hannunmu yake. Gajimaren ilektoron na disfurosiyom a baje yake kamar waina. Saboda haka mariƙi, wato guntun molekul da ke riƙe zarrar, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, su matso kusa, su miƙe sambal, ƙugu kuwa a bar shi wayam. Shi ya sa mariƙan namu suke da ƙiba haka: su tare hanya ne kada wani abu ya raɓi ƙugun. Da wannan dabara David Mills da Nicholas Chilton na Manchesta suka kai kelbin 60 a 2017. Shekara guda bayan haka ƙungiyar Richard Layfield ta kai 80, ta haura 77 na ruwan naitirojin. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin ruwan hiliyom, da ake sanyaya abu ƙasa da haka da shi, ya san darajar wannan tazara.

Yuraniyom da ka ke ɗoki kuwa, bar shi sai nan gaba. Har yau bai kamo disfurosiyom ba, ga tarin takardun izini.

In kulorayid ɗaya ko ɗigon ruwan narkarwa ya maƙale a ƙugun, shi ke nan, maganaɗisun ba zai tsaya hawa katangar da ke hana shi juyawa ba, ratsa ta zai yi ya juye. Iska da laima kuma take suke kashe sinadarin. Don haka ka busar da ruwan narkarwarka sosai, ka duba ma'aunin iskar oksijin kafin ka zura hannu. Kafin awo, ka sirka samfurin da yitiriyom, wanda ba shi da maganaɗisu a nan, don kada zarra ta dami zarra, ka daskarar da garin cikin kakin aikosen, in ba haka ba ƙwayoyin za su riƙa birgima cikin na'ura su ba ka sakamakon ƙarya.