Hajiya, ki fara binciken inda za a tura shi aiki

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki: ɗanki ya gama sakandare, yana son kwas ɗin fasaha a fannin lantarki wanda ake haɗawa da zuwa sanin makamar aiki, dangi kuma sun ce ya bi hanyar jami'a kawai, kada ya yi asarar ƙwaƙwalwarsa. Ni aikin lantarki nake yi a masana'anta, kuma na daɗe ina karɓar ɗaliban da makarantu ke turo mana, don haka daga inda nake tsaye zan ba ki amsa.

Hanyar tana da kyau, ba ta ragwaye ba ce. Amma darajarta kusan duka tana rataye ne a kan watannin da yaro zai yi a wurin aiki, kuma nan ne iyaye ba su cika bincikawa ba. Suna duba ginin makaranta da sunan takarda, su biya, su tafi.

Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila akwai wani kwas ɗin fasaha mai suna T Level da aka fara a 2020: shekara 2 ne, ana lissafa shi daidai da darasi 3 na A Level, jarrabawar da ake shiga jami'a da ita a can, kuma dole ɗalibi ya yi aƙalla awa 315 a wurin aiki, wato kusan kwana 45, sauran lokacin a aji. A Jamus abin a juye yake. Yaro yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ana biyansa duk wata, yana zuwa makaranta kwana 1 ko 2 a mako, har tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi. A Najeriya mai karatun ND, wato ƙaramar diploma, yana fita sanin makamar aiki na wata 4 da ake kira SIWES, sannan ana buƙatar shekara guda ta aiki kafin HND, wato babbar diploma. Ki ga dai suna ɗaya ne, fasaha da sanin makamar aiki, amma kwana 45 da shekara 3 ba abu ɗaya za su bar wa yaro a hannu ba.

Ɗaliban da ke zuwa wurinmu iri biyu ne, kuma tun makon farko nake gane su. Akwai wanda makarantarsa ta yi magana da mu tun kafin ya zo, ya shigo da takardar abubuwan da ake so ya koya, malaminsa kuma yana leƙowa ya zauna da mu. Irin wannan nakan haɗa shi da ma'aikaci guda, ya bi shi ko'ina. Ranar da inji ya tsaya yana wurin, yana ganin yadda ake karanta zanen wayoyi, yadda ake kashe wuta a kulle a gwada da mita kafin a sa hannu, yadda ake bin matsala mataki mataki maimakon canza kaya da ka. Kafin ya tafi, shi ma ya gano matsala da kansa, an kuma duba aikinsa an ce ya sake. Akwai kuma wanda aka miƙa wa wasiƙa aka ce je ka nemo wuri. Ya yi yawo har lokaci ya kusa ƙurewa, ya samu inda aka karɓe shi don kunyar wani, aka ajiye shi a ofis yana kai takardu. A ƙarshe ya cika littafin rahoton aikinsa da aikin da bai taɓa ba, aka buga masa hatimi. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don yaron bai yi laifin komai ba, kuma takardarsa da ta wancan iri ɗaya ce. A gwajin ɗaukar aiki ne asiri ke tonuwa, cikin minti kaɗan.

Saboda haka idan kin je makarantar, ki tambaye su kai tsaye wa ke nemo wa ɗalibi wurin aiki, su ko shi. Ki ce su faɗa miki kamfanonin da 'yan bara suka je, da wanda ke kai musu ziyara. Makarantar da ta riƙe abin da gaske za ta amsa ba tare da kame-kame ba. Kada ki bar zancen kuɗin mota da kayan kariya, domin ba ko'ina ake biyan ɗalibi alawus ba, kuma na ga yara masu ƙoƙari sun riƙa fashin zuwa aiki saboda nisan wuri kawai. A fanninmu, in wuri ba ya koya wa sabon zuwa ƙa'idar kariya a ranar farko, kada ki yarda a bar ɗanki a can. Wuta ba ta san ɗalibi ba.

Maganar dangi kuwa, akwai gaskiya a ciki. Wannan hanya tana sa yaro ya zaɓi fanni da wuri, kuma ba kowace jami'a ke karɓar kowace takardar fasaha a kowane kwas ba. Ki tabbatar hukumar da ke kula da ilimin fasaha a ƙasarku ta amince da kwas ɗin, sannan ku duba sharuɗan shiga jami'ar da yake iya so nan gaba, tun yanzu. Kada kuma ya ɗauka ya tsere wa lissafi, yana nan yana jiransa a lantarki.

Shi kansa yaron, ki lura ko aikin yake so ko aji yake gudu. In da hali, ya je ya wuni tare da mai wannan sana'a kafin a biya komai. Ranar da kuka je makarantar kuma, ku nemi 'yan shekarar ƙarshe ku yi hira da su ba a gaban malamai ba, ki ce su gaya miki abin da suka yi da hannunsu a wurin aikin. Allah Ya yi masa zaɓi mafi alheri.