Filin Anti: Maigidana yace sunana za a sa wa jaririyarmu

TAMBAYA: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Cikina wata takwas yanzu, sikanin ya nuna mace ce, shine maigidana yace shi fa ya riga ya yanke, sunana za a sa mata. Wallahi Anti da ya faɗa sai da hawaye ya zo min don daɗi, amma da na ba yayata labari sai tace mutane zasu ce son kai ne ko kuma na mallake shi, kuma wai gida zai rikice ana kiran mutum biyu da suna ɗaya. Duk ta sa jikina yayi sanyi. In karɓa ne ko in roƙe shi ya canza?

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki karɓa, ki kuma yi masa godiya, don ba kowane namiji ke tunanin yin hakan ba.

Ni abinda ke ɗaure min kai, namiji zai sa wa ɗansa sunansa babu wanda zai ɗaga ido ya kalle shi, sai ma ace gida ya samu magaji. Imamu Gazali sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu. Sayyidina Hasan jikan Annabi (SAW) ya haifi Hasan, wanda ake ce wa Hasanul Musanna wato Hasan na biyu, shi ma ya zo ya haifi nasa Hasan ɗin. Toh me yasa sai an zo kan wadda ta ɗau cikin wata tara, ta sha laulayi, ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, barci ma sai a zaune da filo uku a baya, sannan za a tuna da maganar son kai? Kuma ma ba ke kika roƙa ba, shi ya ga ya dace. Ta fuskar addini abinda ake dubawa ma'anar sunan ne, shi yasa Annabi (SAW) ya canza wa Barra suna zuwa Zainab saboda akwai yabon kai a ciki, kuma shi da kansa da aka haifa masa ɗa cewa yayi na sa masa sunan babana Ibrahim. In dai sunanki mai ma'ana ne mai kyau, magana ta ƙare ta wannan ɓangaren.

Kuma ba yau aka fara ba. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu da aka haifa a 1926 sunan mahaifiyarta taci, cikakken sunanta Elizabeth Alexandra Mary, kinga na uwa ne a gaba sannan na kakanni suka biyo. A gida Lilibet suke ce mata, don haka take faɗin sunan nata tana ƙarama bakinta bai iya ba, ya bi ta har tsufa. Da mahaifinta ya rasu a 1952 ta hau karaga sai ya zama akwai Sarauniya Elizabeth guda biyu a ƙasa ɗaya, aka ƙara wa babbar laƙabin uwar sarauniya, haka suka zauna shekara 50 har uwar ta rasu a 2002 tana da shekara 101. Sarauniya Victoria ma sunan uwarta ne, ita ma da ta haifi 'yarta ta fari a 1840 Victoria ta sa mata suna ce mata Vicky.

Amma fa yayarki ba duka ta yi kuskure ba, maganar rikicewa gaskiya ce, kuma ni shaida ce don nima sunan mahaifiyata naci. A gida ba wata matsala, cikin sati guda za ku samo abinda za ku riƙa kiranta da shi ya zauna. Inda abin yake ciwo shine takardu. Na taɓa zuwa wani asibiti da zazzaɓi, asibitin da Mama ke zuwa, aka ɗauko fayil aka miƙa wa likita, yana buɗewa ya ɗago ya kalle ni ya sake kallon takardar yace Hajiya kina dai shan maganin hawan jinin naki ko? Ina da shekara ashirin da wani abu lokacin. Da ace mai gaggawa ne bai tsaya ya duba shekarun haihuwa ba da akan fayil ɗinta zai rubuta min magani, nawa bayanin kuma ya shiga nata, ita da take da ciwon da ba a wasa da shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Irin wannan na faruwa a banki da wajen yin fasfo da duk inda kwamfuta ke neman mutum da suna da adireshi, gashi ku gida ɗaya, wani lokacin ma lambar wayarki ce a kan fom ɗinta tunda yarinya ce.

Don haka tun ranar da za a rubuta takardar haihuwa ku ƙara mata suna na biyu wanda ke baki da shi, kuma ku tsaya a kan rubutu ɗaya, yadda aka rubuta a takardar haihuwa haka a makaranta haka a satifiket haka a ko'ina, kar yau a sa na tsakiyan gobe a cire don fom ya yi kaɗan. Duk inda kuka je ku biyu ki riƙa faɗin ranar haihuwa tare da sunan tun kafin a tambaye ki.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kar ki bari sunan ya sa ki riƙa ganin kanki a jikinta. Zata iya fitowa mai surutu ke kina da shiru, ko ta ƙi abinda kike so, sai kiji 'yan uwa na cewa ai ke baki biyo mai sunan ba. Ni an sha faɗa min wannan kuma yana da zafi fiye da yadda masu faɗar suke zato. In kinji an faɗa mata ki tare da wuri.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Matata Allah ya yi mata rasuwa kwana 3 bayan ta haihu, ta bar min 'ya mace, na sa mata sunanta. Yanzu wata 5 kenan amma har yau bakina ya kasa furta sunan, in naji wani ya kira ta da shi sai in tashi in bar wajen. Har na fara tunanin ko kuskure nayi, ko in canza mata tun bata san komai ba.

AMSA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ya raya abinda ta bari. Ɗan'uwana na karanta saƙonka ya fi sau uku kafin in iya ɗaukar biro.

Ba kuskure kayi ba, kuma ina roƙonka kar ka canza. Wata biyar ba komai bane a mutuwar mata, raunin ɗanye ne, duk hukuncin da ka yanke yanzu zafin ne ya yanke maka. Ka samo mata wani suna na gida da bakinka zai iya ɗauka ka riƙa kiranta da shi, na gaskiyan ya zauna a takarda yana jiranku, ba inda zai je.

Akwai wani labari da nake so ka sani. Theodore Roosevelt, wanda ya zama shugaban Amurka a 1901, matarsa ta fari Alice ta rasu ranar 14 ga Fabrairu 1884, kwana biyu da haihuwar 'yarsu, kuma a wannan ranar, a cikin wannan gidan dai, mahaifiyarsa ita ma ta rasu. Aka sa wa jaririyar Alice. Shi ma kasa kiran sunan yayi, sai da wani laƙabi yake ambatonta, ya bar ta wajen yayarsa ya tafi can yammacin ƙasar kiwon shanu. Wannan duk mai zuciya zai fahimta. Inda ni nake ganin ya cutar da yarinyar shine da ya rufe bakinsa gaba ɗaya akan uwar, baya yi mata hirarta, ko a tarihin rayuwarsa da ya rubuta bai ambace ta ba. Yarinya ta tashi da sunan mace amma uban da ya fi kowa sanin macen ya ƙi gaya mata wacece.

Kai kar ka yi haka. Ba yanzu ba, ba wanda ya isa ya matsa maka yanzu, amma ka fara ajiya, hotunanta, saƙonnin murya da ke cikin wayarka ka kwafe su wani wuri kar wayar ta lalace, rubutun hannunta ko da lissafin cefane ne a bayan takarda. Wata rana tana shekara bakwai ko takwas zata zo ta zauna kusa da kai tace Baba ya muryar Mamana take, a ranar kana buƙatar abinda zaka kunna mata. Kuma in kaga baka iya barci ko cin abinci ko fita aiki, ka je kaga likita, ka kuma samu wani naka da zaka riƙa yi wa maganarta da sunanta ko sau ɗaya a sati, a hankali bakin zai saba.

TAMBAYA: Anti ni sunan mahaifiyata gare ni, sun rabu da babana tun ina ƙarama, a gidan da na tashi in an kira sunan har da wani yatsina ake yi. Yanzu na girma ina so in canza.

AMSA: 'Yata kina da ikon canzawa, manya na canza suna kuma akwai hanyar da hukuma ta tsara, sai dai ki shirya zirga-zirga don duk takardun makaranta da na banki sai an daidaita su. Amma kafin nan, in mahaifiyarki na raye je ki zauna da ita ki tambaye ta waye ya zaɓi sunan kuma a wane hali suke lokacin, ki ji yadda sunan ke fita a bakin wadda bata yatsina. In kin dawo har yanzu ranki na son canjin ki sake rubuto min in faɗa miki ta inda ake farawa.