Me Ya Sa Tara Yara Masu Hazaƙa Ba Ya Gina Ƙungiyar Hoki?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina bin gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ake yi a Amurka da Kanada. Sai in ga ƙungiya ta sayar da manyan 'yan wasanta, ta haƙura da shan kashi don ta samu zaɓen farko cikin matasa, amma shekaru su wuce ba ta farfaɗo ba. Ina matsalar take?

AMSA: Ɗan'uwa, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tsarin gasar ne yake jan su: ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan tebur ita ta fi samun damar ɗaukar matashin da ya fi fice, kuma tun 2005 akwai iyakar albashin da ƙungiya za ta biya. To sai shugabanni su ga rushe gida ya fi sauƙi.

Dubi Edmonton Oilers. Su suka yi zaɓen farko a 2010, 2011 da 2012, suka ɗauki Taylor Hall, Ryan Nugent-Hopkins da Nail Yakupov, sannan Connor McDavid a 2015. Duk da haka kaka goma a jere, har zuwa 2016, ba su shiga wasannin neman kofin Stanley ba.

Na Buffalo Sabres ya fi ci mini rai. Daga 2012 zuwa 2025, kaka 14, ba su leƙa wasannin neman kofi ba. Kuma ba rashin gwanaye ba ne. A 2018 ɗan wasansu Ryan O'Reilly ya fito fili ya ce yawan shan kashi ya sa son wasan yana fita daga ransa. Aka sayar da shi ga St. Louis, shekara na zagayowa ya ɗaga kofi, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasannin. Jack Eichel ya bar Buffalo ya koma Vegas, ya ci kofi a 2023. Sam Reinhart ma ya bar su, ya ci da Florida a 2024. Mutanen nan ba su sauya hannu ko ƙafa ba, ɗakin da suke zama ne ya sauya.

Ka ɗauki yaro ɗan shekara 18. Wasa sama da 80 ke gabansa, tafiya ba dare ba rana. Watan Janairu ya yi, an doke su sau biyar a jere, an shigo ɗakin sauya kaya kowa ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalmi. Wa zai miƙe ya yi magana? Wa zai riga kowa fita atisaye washegari don yaron ya gani? In duk sa'anninsa ne, sai faɗuwar ta zame musu jiki.

Shi ya sa nake yaba abin da Pittsburgh ta yi. Da suka ɗauki Sidney Crosby a 2005, a gidan Mario Lemieux, shahararren ɗan wasan ƙungiyar, ya zauna shekaru, yana ganin yadda babba ke tafiyar da rayuwarsa. A 2009 suka kawo Bill Guerin, yana da shekara 38, suka sa shi yana kai hari tare da Crosby, suka ci kofi a shekarar.

Sai dai a kula, ba kowane mai furfura ba ne jagora. Wasu ƙungiyoyin kan ba tsohon da ƙafarsa ta mutu kwantiragi mai tsawo da sunan ya riƙe yara, kuɗin ya cinye gurbin wasu. Yara kuwa ba sa jin maganar wanda suke wucewa a guje kan ƙanƙara. Guerin da aka kawo, yana zura ƙwallo a raga a lokacin, shi ya sa in ya yi magana ake saurara.