Amsa ga ma'aikacin adana tarihi da hankalinsa ke yawan rabuwa

Ɗan'uwa, ka ce da zarar ka buɗe fayil sai karatu ya ɗauke ka, har la'asar ba ka gama kwali ɗaya ba. Wannan ba lalaci ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe rahoton razdan na zamanin Turawa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, takarda ta yi ja, ga rubutun fensir a gefe, ya san yadda take jan mutum.

Ka raba jerawa da karatu. Lokacin jerawa, sunan fayil, lamba da shekara kaɗai za ka rubuta, ka rufe. In wani abu ya burge ka, saƙala 'yar takarda a wurin, ka ba shi rabin awa bayan azahar. A 2005 wasu masana biyu a Amurka, Greene da Meissner, sun nuna cewa bin takarda ɗaya-ɗaya, har da cire kowace 'yar ƙusar da ta maƙale takardu, shi ke sa kwalaye su taru ba a taɓa su ba. Bayani a kan fayil gaba ɗaya ya isa.

Kwali ɗaya tak a kan tebur, waya kuma a aljihun tebur. Ka yi minti 25, ka huta 5. Kafin ka tashi sallah, rubuta inda ka tsaya, domin dawowar ce ta fi wuya.

In abin tun ƙuruciya yake damunka, don Allah ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ana samun magani.