Sabon ganyen lemona ya koma rawaya, me zan yi?

Tambaya: Lemon tsamin da na dasa a tsakar gida yana fitar da sabon ganye rawaya, jijiyoyin ganyen kuma kore shar. Na zuba masa yuriya har sau biyu, ko gezau. (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki ajiye yuriyar nan tukuna. Da yunwar taki ce, tsofaffin ganye na ƙasa ne za su fara rawaya. Tunda sabon toho abin ya kama, jijiyoyi kuma suka tsaya kore, wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce. Shuka ba ta iya ɗebo ƙarfe daga tsohon ganye ta kai wa sabo, shi ya sa toho ke fara nunawa.

Sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa shansa. Idan ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kanwar ƙasa, ya haura 7, wato ƙasar ta yi kanwa, ƙarfe yakan daskare ya ƙi narkewa. Kuma a gidajenmu mu ne kan jawo haka da hannunmu: a kwashe tokar murhu a juye a gindin bishiya, a bi ta da ruwan wanki mai sabulu. Ki daina duka biyun. Ki kuma duba ko ruwa yana kwanciya a gindin, don saiwar da ta jiƙe kullum ba ta shan ƙarfe yadda ya kamata.

Don samun sauƙi da wuri, ki nemi feras salfet, wani garin sinadarin ƙarfe mai narkewa a ruwa, a shagon kayan noma, ki narka giram 5 a lita 1 ta ruwa, ki fesa a ganye da yamma, ki sake bayan mako 2. Yana rina bango da tufafi, ki kula. Feshi ganyen da ya taɓa kawai yake gyarawa. Gyaran ƙasa sai da ruɓaɓɓen takin gargajiya. In kin samu takin sinadarin ƙarfe da aka rubuta EDDHA a jikinsa, shi ne ke aiki ko a ƙasa mai kanwa.

Tambaya: Maƙwabcina ya ce in binne ƙusoshi masu tsatsa a gindin lemon don ya samu ƙarfe. Gaskiya ne? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, tsatsa ƙarfe ce, amma irin wadda ba ta narkewa, saiwa kuwa narkakke take sha. Ka bar ƙusoshin, kada su soki yara a ƙafa.